Gwiwar yaro ta kumbura, ALP da LDH sun hau: mu ce sankarar ƙashi ce?

Nasiru, jami'in lafiya, Tsafe:

Assalamu alaikum manyanmu na wannan zaure. Ina neman a haska mini fitila kan wani yaro ɗan shekara 14 da aka kawo daga ƙauye. Wata uku ke nan yana fama da ciwo a ƙasan cinyar dama, dab da gwiwa. Iyayen sun ce wajen ƙwallo ya buge, an kai shi wurin mai ɗori sau biyu, an murza an ɗaure da karare, amma kumburin sai gaba yake yi. Yanzu wurin ya yi tauri, da ɗumi, jijiyoyi sun fito raɗau a kan fata, kuma ciwon ya fi tsananta da dare har ya hana shi barci. Ba zazzaɓi, ba mugunya, kuma ba sikila ba ne, jininsa AA.

An yi gwajin jini. ALP, furotin da ƙashi da hanta ke fitarwa, ya nuna 410, alhali iyakar da ke kan takarda 130 ce. LDH kuma, furotin da ke fita cikin jini in ƙwayoyin jiki sun lalace, 520 ne. Ba a ɗauki hoton ƙashi ba tukuna, domin uban ya ce abin da ke aljihunsa ba zai ɗauki komai da komai ba. Shin waɗannan lambobi sun isa a ce masa sankarar ƙashi ce? Akwai wani gwajin jini da ke kama ta kai tsaye, kamar yadda ake yin PSA, gwajin sankarar furostet (ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ga dattawa? Sannan wani ɗan'uwansu ya gani a intanet cewa akwai allura mai suna denosumab da ke toshe saƙon da sankara ke aikawa cikin ƙashi, yana tambaya ko a sayo daga Kano.

Hajiya Rabi, ɗakin gwaje-gwaje, Gusau:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba yaron lafiya. Lambobin nan biyu ba su tabbatar da komai ba, ba su kuma wanke shi ba.

Iyakar 130 da ka gani ta manya ce. ALP furotin ne da ƙwayoyin da ke gina ƙashi suke fitarwa, yaron da ke tsakiyar tsawo kuwa gini yake yi dare da rana, don haka zai iya kai 400 ko ma 500 yana lafiya lau. Mafi yawan takardunmu iyaka ɗaya ake bugawa ga jariri da tsoho, shi ya sa ake ta tayar wa iyaye hankali a banza. Karayar da ke haɗewa tana ɗaga shi, laushin ƙashin da ke sa yara gwame yana ɗaga shi, haka ciwon hanta da toshewar hanyar ɗaci. Mai juna biyu a watannin ƙarshe ma nata kan hau saboda mabiyiya. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai masu sankarar ƙashi da yawa da ALP ɗinsu bai motsa ba ko kaɗan.

In kana son sanin daga ƙashi ya fito ko daga hanta, nemi GGT, furotin da ke hawa in hanta ta taɓu, a jini ɗaya. GGT ya hau tare da shi, duba hanta. GGT na zaune, ƙashi ne. Inda babu sinadarin GGT akwai tsohuwar dabara: a raba ruwan jinin biyu, a sa rabi cikin ruwan zafi mai digiri 56 daidai na minti 10, a tsoma cikin ruwan sanyi nan take, a auna duka biyun. Na ƙashi ba ya jure zafi, in abin da ya rage bai kai kashi 20 cikin 100 ba to na ƙashi ne. Amma sai da tukunyar gwaji mai riƙe zafi daidai. Digiri ɗaya ya kauce, lissafin ya rushe, kada a yi da butar shayi.

LDH ya fi ALP saurin yaudara. Da fari ka tambayi ɗakin gwajin wace hanya suka bi, domin hanyoyi biyu ne a kasuwa: ɗaya iyakarta wajen 250, ɗaya wajen 460. Ka ga 520 a ta farko ninki biyu ne, a ta biyu kuwa ɗan tsallake ne kawai. Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini cike suke da LDH. In an ja jinin da ƙarfi ta siririyar allura, ko an matsa sirinji an fesa shi cikin kwalba, ko an girgiza, ko ya sha rana a aljihun ɗan acaɓa, ƙwayoyin sun fashe ke nan, ruwan jinin ya yi ja-ja, LDH ya hau ba tare da wata cuta ba. Maleriya da sikila ma suna ɗaga shi saboda dalili ɗaya. A raba ruwan jini da gudansa cikin awa ɗaya zuwa biyu, kuma kada a daskarar da na LDH, sanyin firiza yana kashe wani sashe nasa.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne zuba jinin ALP a kwalbar EDTA, mai sinadarin hana jini daskarewa, ko a juyo daga ita zuwa farar kwalba don kada a sake huda yaro. ALP ba ya aiki sai da zink da magniziyam, EDTA kuwa kama su yake yi. Sakamakon sai ya fito ƙasa ƙwarai, kalsiyam ya faɗi, potasiyam ya haura kamar mutum zai mutu yanzu. Duk takardar da ka ga waɗannan ukun tare, kwalba ce ta yi magana, a sake ɗiba.

Batun gwaji irin PSA, babu shi ga sankarar da ta tsiro daga ƙashi. Amfanin lambobin nan yana gaba, in an tabbatar da cutar: wanda ya zo da su a sama sosai galibi cutarsa ta fi nauyi, kuma in ALP ya sauka bayan magani da tiyata sannan ya soma hawa, a koma a duba huhu da wurin aikin. Ka ajiye takardar da kwananta, ka haɗa da wasiƙar turawa.

Dakta Bello, likitan ƙashi:

Hajiya ta gama da jini. Malam Nasiru, da kuɗin abu ɗaya ne a hannun uban, hoto ya kamata a fara yi. Shekarun yaron, wurin ciwon, zafin dare da kumburi mai tauri, duk sun dace da ostiyosakoma, sankarar da ke tsirowa daga ƙashi, har sai an nuna ba ita ba ce. Wurarenta uku ne aka fi sani: ƙasan ƙashin cinya, saman ƙashin ƙwauri, da saman ƙashin dantse, wato inda ƙashi ya fi saurin tsawo. Buguwar ƙwallo ba ita ta kawo ta ba, ita ta sa aka lura.

A ɗauki hoto ta gaba da ta gefe, ƙashin gaba ɗayansa daga ƙugu zuwa gwiwa. Abin dubawa: wurin da ƙashi ya cinye ba shi da iyaka bayyananniya, da fari-fari kamar gajimare inda ƙarin ke gina nasa ƙashin, da tsirkiya da ke fita waje kamar hasken rana, da fatar ƙashi da ta ɗago a gefe ta yi kusurwa uku. Tunda Zamfara muke, in yaron daga yankin haƙar zinare yake, irin Anka ko Bukkuyum inda gubar dalma ta yi ɓarna a 2010, za ka iya ganin farin layi mai kauri a kwance kusa da ƙarshen ƙashi. Wannan layin dalma ne, yana fitowa a ƙafafu biyu daidai wa daida, ba ya kumbura, kada a haɗa shi da ƙari.

Daga yau kada ya taka ƙafar, a ba shi sandunan dogarawa. Ƙashin ya rube daga ciki, in ya karye jini zai kwashi ƙwayoyin sankara ya watsa cikin naman cinya, damar ceton ƙafar ta ragu. A daina murza, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin. Mu ma'aikatan asibiti ma wannan gargaɗin ya hau kanmu: kumburi mai ɗumi yana jan hannu a ce ƙurji ne a tsaga. Kada a tsaga, kada a soka allura a zuƙa. Naman gwaji wanda zai yi babbar tiyatar shi ya kamata ya ɗiba ko ya nuna ta inda za a bi, saboda duk hanyar da allura ko wuƙa ta ratsa dole a yanke ta tare da ƙarin. Yanka a gicciye a kan cinya kan mai da aikin ceton ƙafa ya koma yanke ƙafa. In da hali a yi MRI kafin ɗibar nama, sannan CT na ƙirji, domin huhu ne zangonta na farko kuma hoton ƙirji na yau da kullum ba ya ganin ƙananan ƙulli. Kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan zo ta riga ta isa can.

Ka tura shi Gusau da hoton a hannu, daga nan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya. Ka faɗa wa uban tun yanzu cewa yanka kaɗai ba ya wadatarwa. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa ne kawai magani, waɗanda ke rayuwa ba su kai 20 cikin 100 ba, domin cutar ta riga ta aika 'ya'yanta huhu ba a gani. Da aka haɗa da allurar sankara kafin tiyata da bayanta, wanda tasa ba ta yaɗu ba ya koma 60 zuwa 70 cikin 100.

Nasiru, jami'in lafiya, Tsafe:

Na gode Hajiya, na gode Likita, ranka shi daɗe. Gobe da safe za a yi hoton in sha Allah. Amma wani abu ya ɗaure mini kai. In sankara na cin ƙashi, me ya sa wani ALP ɗinsa ke hawa wani kuma ba ya hawa? Muna ganin dattawa da ciwon baya na watanni, ALP daidai, sai mu sallame su da diclofenac. Har yanzu kuma ba a taɓa maganar allurar nan ba.

Dakta Hauwa, likitar binciken nama:

Malam Nasiru, amsar tambayoyinka biyu a wuri ɗaya take. A cikin ƙashi akwai ma'aikata iri biyu, magina da marusa, kullum ɗaya na rushe tsoho ɗaya na ɗora sabo. ALP gumin magina ne. Marusa kuwa ba sa tashi aiki sai an aiko musu: magina ke fitar da furotin mai suna RANKL, ya je ya shiga makarɓinsa RANK a jikin marusa kamar mabuɗi cikin kwaɗo. Magina suna kuma fitar da OPG, wanda ke tare mabuɗin a hanya kafin ya isa. Rinjaye tsakanin RANKL da OPG shi ke yanke ko ƙashi zai ƙaru ko zai zaizaye.

Ostiyosakoma magina ne da kansu suka haukace, shi ya sa ALP kan hau, musamman a irin da ke gina ƙashi da yawa. Abin da ya lalace a cikinsu birki ne. Furotin p53 shi ke tsayar da ƙwayar da gadonta ya samu tabo, ko ya sa ta kashe kanta. RB kuma shi ke tsare ƙofar rabuwa biyu. Dukansu kan lalace a wannan cuta. Don haka ka tambayi iyaye ko an taɓa cire wa yaron ko wani ɗan'uwansa ido yana ƙarami saboda ƙari, ko dangi na yawan sankara tun da ƙuruciya. Birkin da ya tsinke babu allurar da ke toshe shi, toshewa sai abin da ke aiki fiye da kima.

Sankarar nono da ta sauka a ƙashi wata dabara take yi. Tana fitar da furotin mai suna PTHrP, magina su ƙara RANKL, marusa su ci ƙashi, abubuwan haɓaka da ke binne a ciki irin TGF-beta da IGF su fito, su ciyar da sankarar, ta ƙara PTHrP. Kowa na ciyar da kowa, ƙashi ne ke biyan kuɗi, kalsiyam kuma ya cika jini. Ta furostet ita ta fi zuga magina, sai ka ga ALP ya yi sama ƙwarai, hoto ya yi fari fat.

Dattijonka mai ciwon baya da ALP daidai, ka ji tsoron mayeloma, sankarar ɓargo. Ita tana tayar da marusa, sannan ta fitar da DKK1 wanda ke toshe hanyar saƙon Wnt da magina ke dogara da ita. Rushewa ba gini, sai ramuka a ƙoƙon kai da ƙashin baya kamar an huda da ƙusa, ALP kuwa shiru. A nan ne gwajin furotin ke da ƙarfi da gaske. Nemi jimillar furotin da albumin; in tazararsu ta yi faɗi, ESR, gwajin saurin kwanciyar jajayen ƙwayoyi, ya haura 100, jini ya yi ƙasa, jajayen ƙwayoyi sun jeru a gilashi kamar an jera kwabbai, to a aika ruwan jini a rarrabe furotin da lantarki. Tsinken gwajin fitsari albumin yake gani, ba ya ganin furotin ɗin Bence Jones, wanda mayeloma ke zubarwa a fitsari. Ɗigon sulfosalicylic acid yana kama shi. Diclofenac kuma a irin wannan ƙoda tamkar zuba fetur ne a wuta. Duk wanda ya haura 40 da rami a ƙashi, fara tunanin mayeloma da sankarar da ta taso daga wani wuri, tare da tarin fukan ƙashin baya, kafin ka tuna ostiyosakoma. Namiji a yi masa PSA, amma ba ranar da aka sa masa robar fitsari ba.

Alamomin furotin da ke raba gardama a kan nama ake ganinsu, ta hanyar rini. SATB2 yana nuna ƙwayar daga zuriyar magina take, amma bai san mugu da nagari ba, sabon ƙashin karaya ma yana kama shi. Saboda haka dole a rubuta mana cewa an yi ɗori, a haɗo da hoto, in ba haka ba ƙashin da ke warkewa yana iya kama da sankara a madubi. Hukuncin ostiyosakoma har yau ganin mugayen ƙwayoyi suna zuba ɗanyen ƙashi ne. CD99 yana zagaye ƙwayoyin sakomar Ewing, wata sankarar ƙashi ta yara da matasa, sai dai wata sankarar jini ta yara ma tana kama shi, a haɗa da TdT a raba su. Tabbacin Ewing haɗewar ƙwayoyin gado EWSR1 da FLI1 ne, wanda ake samu a kusan 85 cikin 100. Ewing ta yi ƙaranci sosai a baƙar fata, kada a yi saurin kiran sunanta kafin a kore ƙwayar cuta a ƙashi, musamman ga mai sikila. A raba naman, wani ya tafi shukar ƙwayoyin cuta ba tare da fomalin, ruwan adana nama, ba.

Duk wannan rini yana mutuwa a kwalba in an yi sakaci. Fomalin mai kashi 10 wanda aka daidaita tsaminsa, yawansa ya ninka naman sau 10, a saka nan take, kwalba mai faɗin baki. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba. Wajen tausasa ƙashi kafin yanka, asid mai ƙarfi irin nitric yana gamawa da wuri amma yana ƙone furotin da ƙwayoyin gado. EDTA yana ɗaukar kwanaki har makonni amma yana barin komai da rai. Mafita a ware ɓangaren ƙarin mai taushi a kwalbarsa daban, kada ya ga asid sam.

Bayan tiyata akwai ma'aunin da ya fi duk waɗannan faɗin gaskiya: kashi nawa na ƙarin allura ta kashe. Daga 90 cikin 100 zuwa sama, ana kyautata zato.

Malam Aminu, mai haɗa magunguna, Talatar Mafara:

Dakta ta share fage, bari in sauke maganar denosumab. Aikinsa aikin OPG ne, yana kama RANKL. Inda yake da amfani shi ne ƙarin nan mai manyan ƙwayoyi da ke fitowa a ƙarshen ƙashi bayan an gama tsawo, galibi tsakanin shekara 20 da 40, wanda Amurka ta amince a yi amfani da shi a kansa a 2013, da kuma rage karaya ga wanda sankarar nono ko furostet ta shiga ƙashinsa. Miligiram 120 ne ƙarƙashin fata duk mako huɗu, a ƙarin mai manyan ƙwayoyi a ƙara a rana ta 8 da ta 15 na watan farko. Ba ya kashe ostiyosakoma. Ɗan'uwansa zoledronic acid, mai kashe marusa, an gwada shi a Faransa tare da allurar sankara a kan wannan cuta, bai ƙara komai ba. Kada su sayar da akuya don shi.

Ko ga wanda denosumab ya dace da shi, a auna kalsiyam tukuna, a gyara lissafin da albumin (albumin a g/L, kalsiyam a mmol/L): a cire albumin daga 40, a ninka da 0.02, a tara da kalsiyam ɗin da aka samu. Yana kayar da kalsiyam har hannu ya ƙage, don haka a haɗa da kalsiyam da bitamin D. A duba haƙora kafin a fara, cire haƙori a tsakiyar magani kan bar muƙamuƙi a ruɓe. Ba a ba mai ciki. Ajiyarsa digiri 2 zuwa 8, wanda aka ɗauko a but ɗin mota ba ƙanƙara ya tashi daga aiki.

Maganin yaron, in an tabbatar, doxorubicin da cisplatin ne, da methotrexate mai yawa, giram 12 ga kowace murabba'in mita ta jiki, a inda ake iya auna yawansa a jini, a riƙe ma'aunin pH na fitsari a 7 ko sama don kada ya yi tsami, a bi da leucovorin, maganin da ke kare lafiyayyun ƙwayoyi daga gubarsa. Inda ba a iya aunawa, gara a tsaya kan biyun farko. A makon methotrexate ba diclofenac, ba ibuprofen, ba Septrin, suna hana ƙoda fitar da shi. Masu toshe saƙon VEGF, wanda ke tsirar da sababbin jijiyoyin jini, irin regorafenib suna jinkirta cutar da ta dawo na 'yan watanni ne, ba a fara da su.

Hajiya Rabi, ɗakin gwaje-gwaje, Gusau:

Ƙari kan maganar Malam Aminu: in an soma magani, filgrastim da ake bayarwa don tayar da fararen ƙwayoyin jini yana ɗaga ALP da LDH duka, methotrexate kuma yana motsa hanta. A ɗebi jinin kwatance dab da zagaye na gaba, a ɗakin gwaji ɗaya, da hanya ɗaya. Nasiru, a wasiƙarka ka rubuta ranar da ciwon ya soma, sau nawa aka yi ɗori, faɗin cinyoyin biyu da tef a tazara ɗaya daga ƙoƙon gwiwa, da ko an taɓa tsaga wurin.